Tankin Goron Dutse da Famfon Yakasai: Waiwaye a Kan Tarihin Ruwan Sha a Birnin Kano

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a cikin birnin Kano ya san yadda unguwa takan kasance ranar da babban bututun ruwa ya fashe. Ruwa yakan ɓullo daga ƙarƙashin kwalta ya malale titi, yara su yi ta wasa a ciki, mata su aiko da bokitai a tara, alhali a cikin lunguna famfo ya ƙafe ƙaf. Bayan an yi gyara kuma, ruwan da zai fara zuwa yakan zo ja wur, har mai alwala ya tsaya yana shakkarsa. Mafi yawan mutane sukan ɗora laifin a kan tsufan bututu, su tsaya nan. Tsufa yana da nasa rabon, amma akwai wani abu a can bisa dutse wanda lafiyar bututun ta rataya a kansa, wato tankin da ake tara ruwa a ciki kafin ya gangaro gari.

Manufar wannan lacca ita ce bin tarihin wannan dangantaka tsakanin tanki da bututu, daga aikin ruwan da En'e ta Kano ta buɗe a 1931 har zuwa zamanin rijiyar burtsatse. An ɗauki unguwar Yakasai a matsayin madubi, domin tsohuwar unguwa ce mai cunkoso a gabashin birni, ba nisa da Gidan Rumfa da Ƙofar Mata, kuma masu tarihin baka suna danganta asalinta da mutanen Kwararrafa. Goron Dutse yana yamma, Yakasai tana gabas, faɗin birni yana tsakaninsu. Saboda haka abin da ya fito a famfon Yakasai shaida ne a kan lafiyar tsarin baki ɗaya.

Birni Kafin Zuwan Famfo

Ɗaruruwan shekaru mutanen birni sun dogara ne da abubuwa uku: rijiyoyin gida, da kududdufai, da ruwan Jakara. Kududdufan nan gini ne ya haife su. Duk inda aka haƙi ƙasa don yin tubali, ko gyaran soro, ko ɗaga ganuwa, sai rami ya saura, damina ta cika shi. A nan ake wanki, a nan ake shayar da dabbobi, a nan kuma ake ɗiban ruwan kwaɓa ƙasa. Rijiyoyi kuwa, da yawansu ruwan zartsi ne, ga shi kuma a gida mai ƙunci babu tazarar kirki tsakanin rijiya da masai. Don haka rijiya mai daɗin ruwa takan yi suna, a riƙa zuwa mata daga unguwanni masu nisa.

Baƙin da suka rubuta labarin Kano a ƙarni na 19 sun lura da wannan hali. Kilafatan, Baturen Birtaniya da ya shigo birnin a 1824, ya yi maganar fadamar da ta ratsa tsakiyar gari. Haka nan Barth, mutumin Jamus wanda ya kira kansa Abdulkarim, da ya zo a 1851 ya yaba arzikin birnin da saƙarsa da rininsa, amma ya koka da tsayayyun ruwaye da zazzaɓin da suke jawowa. Cututtuka irin su kurkunu da tsargiya da gudawa, duk ta hanyar irin wannan ruwa suke samun mutum.

Da Turawa suka ci Kano a 1903, sannan jirgin ƙasa ya iso a 1911, sai al'amari ya ƙara tsananta. Cinikin gyaɗa ya jawo baƙi, aka kafa Sabon Gari, Fagge ta bunƙasa, kantunan Turawa da na Kwara suka yawaita a bakin tasha. Shi kansa jirgin ƙasa na wancan zamani da tururi yake tafiya, ba ya motsi sai an shayar da shi, shi ya sa ake kafa tankin ƙarfe bisa dogayen ƙafafu a tashoshi. A wurare da yawa na ƙasar Hausa, tankin tasha shi ne hasumiyar ruwa ta farko da idon mutane ya gani. A cikin gari kuwa sana'ar ga-ruwa ta kafu, mutum ya rataya garwa biyu a sanda, kowace mai cin galan huɗu, yana bi lungu-lungu.

Aikin 1931

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, En'e ta ɗauki aikin kawo ruwan famfo da wutar lantarki cikin birni. An fara aikin a ƙarshen shekarun 1920, aka buɗe shi a 1931. Daga Baitulmalin Kano aka biya kuɗinsa, wato daga harajin talakawa da jangalin makiyaya, kuma an kammala shi a lokacin da kasuwar duniya ta faɗi tun 1929, farashin gyaɗa ya karye. Wannan ya sa tun ran farko ruwan famfo dukiyar jama'ar Kano ne, su suka saye shi da guminsu.

Tsarin aikin mai sauƙin fahimta ne. An kafa gidan ruwa a bakin kogin Challawa, kudu maso yamma da birni, wajen Panshekara. Injuna suna jawo ruwan, su tura shi ta babban bututu tafiyar mil da dama har bisa Goron Dutse, inda aka gina tanki. Daga nan babu sauran aikin inji. Nauyin ruwan ne da kansa yake gangaro da shi cikin bututan da aka binne a manyan hanyoyi, ya rarrabu zuwa famfunan unguwa da gidajen da suka ja.

Abin lura a nan shi ne, masu aikin ba su gina hasumiya ba, domin Allah ya riga ya ba Kano tata. A garuruwan da ke kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa dole a kafa ginshiƙai a ɗora tanki a sama, da tsada mai yawa, kuma ruwan da zai ɗauka ƙayyadadde ne. Kano kuwa tana da Dala da Goron Dutse a cikin ganuwa, da dutsen Magwan a waje, wajen Nassarawa, inda shi ma daga baya aka yi wurin tara ruwa. Duwatsun da mutanen farko suka zauna a gindinsu saboda tama da tsaro, su ne suka zama ginshiƙin ruwan shan jikokinsu.

Aikin da Tanki Yake Yi

Amfanin tanki na farko shi ne ba ruwa ƙarfi. Masana sun auna cewa duk tsayin mita 10 na ruwa yana danna abin da ke ƙarƙashinsa da nauyin kimanin kilo ɗaya a kan wurin da bai fi farcen yatsa ba. Idan tanki ya ɗara famfo da mita 30, ƙarfin ya ninka uku ke nan, wanda ya isa ya hau da ruwa bene. Girman tankin ba shi ne ke ba da wannan ƙarfi ba, tsayinsa ne. Amma ruwa yana rasa wani ɓangare na ƙarfinsa wajen gogayya da cikin bututu, musamman tsohon bututun da tsatsa ta ƙuntata. Shi ya sa unguwar da ke nesa da tanki take riga ta kusa jin raunin ruwa.

Amfani na biyu shi ne daidaita buƙata. Birni ba ya shan ruwa daidai wa daida a cikin sa'o'i 24. Da asuba kowa yana neman na alwala da wanka da ɗora koko, da yamma a sake yin rububi, da tsakar dare kuwa kusan babu mai buɗe famfo. Ranar Juma'a buƙata takan ƙaru a kewayen babban masallaci, ranakun Salla kuma ta fi ta kullum. Injin da ke Challawa ba zai iya bin wannan hawa da sauka ba. Abin da ya fi dacewa da shi shi ne ya yi ta aiki a kan ma'auni guda, tanki ya cika da dare, ya biya bukatar safiya daga abin da ya tara. Hausawa suna cewa da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Amfani na uku shi ne tanadi don ranar tsautsayi. In wuta ta ɗauke, ko inji ya lalace, ko bututun da ke hawo da ruwa daga kogi ya fashe, cikakken tanki yakan riƙe gari na wasu sa'o'i kafin a yi gyara. In gobara ta tashi, daga nan 'yan kwana-kwana za su sami ruwa mai ƙarfi. Sai dai akwai sharaɗi. Idan fashewar ta auku a ƙasa da tanki, a kan bututun da ke gangarowa gari, to tankin da kansa zai tsiyaye ta wannan kafa, sai fa in akwai bawul mai aiki kusa da wurin, da ma'aikacin da ya san inda yake, ya rufe wannan reshe ya bar sauran. Bawul ɗin da kwalta ta binne, ko wanda aka yi gini a kansa, daidai yake da babu.

Amfani na huɗu shi ne wanda jama'a ba su cika sani ba. Ruwan da ke gudu a cikin dogon bututu yana da nauyi ƙwarai, in aka tsayar da shi farat ɗaya sai ya daki bangon bututun kamar an sa guduma. Wani masani ɗan Rasha, Zhukovsky, ya yi gwaje-gwaje a kan wannan a bututan birnin Mosko, ya bayyana ƙa'idarsa a 1898. Buɗaɗɗen tanki yana ba wannan bugu wurin hucewa. Shahararriyar hasumiyar ruwa ta birnin Shikago a Amurka, wadda aka gama a 1869 kuma ta tsira daga gobarar 1871, dogon bututu ne a tsaye a cikinta, an yi shi don lafar da tunkuɗar injuna.

Wuraren da ke tara dubban mutane a yini guda su suka fi nuna muhimmancin waɗannan abubuwa. Gidan Zu na Kano, wanda aka kafa a zamanin Gwamna Audu Baƙo, yakan cika maƙil da yara a ranakun Salla, kuma a irin wannan wuri yankewar ruwa na sa'a biyu ya isa ya hana sha da kewayawa, ya tashi taro. Akwai kuma inda aka haɗa tanki da shaƙatawa a wuri ɗaya, saboda duka biyun tudu suke so. Hasumiyoyin Kuwaiti da aka buɗe a 1979 ma'ajiyar ruwa ce da gidan cin abinci a sama. A Kano ma an yi gidan cin abinci da wurin iyo a Magwan.

Abin da Ke Fasa Bututu

Bututan farko na ƙarfen zubi ne, mai ƙarko amma marar lanƙwasa, daga baya aka yi amfani da na siminti mai haɗin asbesto, sannan na roba. Kowanne yana da ajalinsa. Tsatsa tana cin ƙarfe ciki da waje. Ƙasa tana kumbura da damina ta tsuke da rani, ta motsa mahaɗan bututu. Hanyoyin da aka binne bututu a ƙarƙashinsu lokacin da jakuna da raƙuma ne ke bi, yau manyan motoci ne ke taka su. Masu aikin titi da magudana kuma sukan sare bututu da katafila, domin taswirar da ke nuna inda yake ta tsufa ko ba a tuntuɓe ta ba.

Amma babban abin da ke gaggauta mutuwar bututu shi ne ba da ruwa yau a ɗauke gobe. An ƙera bututu ne don ya zauna cike dare da rana. In ya wofinta, iska takan shiga, tsatsa ta sami abinci. In aka sako ruwa, sai ya taho a guje yana tura iskar nan gaba, ya daki kwana da mahaɗa. Idan kuma aka koma tura ruwa kai tsaye daga inji zuwa gari, saboda abin da ake samu bai isa ya cika tanki ba, to duk ɗaukewar wuta da dawowarta bugu ne a jikin bututu. Daga nan sai abu ya zama zobe: ƙarancin ruwa ya hana tanki cika, rashin cikar tanki ya jawo fashewa, fashewa ta zubar da ruwan da ake ƙarancinsa.

A unguwa irin Yakasai akwai ƙarin haɗari. Lungunan sun riga famfo da ɗaruruwan shekaru, babban bututu ba ya shiga cikinsu. Saboda haka kowane gida yakan ja siririn bututunsa daga bakin titi, kuma sau da yawa hanyar da ta rage masa ita ce gefen kwata ko cikinta. Muddin bututun yana cike da ruwa mai ƙarfi, ko ya tsage, waje ruwan zai riƙa fita. Ranar da ya wofinta kuwa, sai ya zuƙo abin da ke kewaye da shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tun 1854 likita John Snow ya nuna a Landan cewa famfo guda da ƙazanta ta shiga ya isa ya yaɗa kwalara a unguwa, kuma Kano ta sha fama da wannan cuta tun da ta shigo Nijeriya a farkon shekarun 1970.

Wannan batu ya taɓa ibada ma. A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan birni, ruwan tsarki shi ne wanda launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai jirkita da wani abu da ya shige shi ba. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid ya keɓe ruwan da ƙasar da yake zaune a cikinta ta sauya masa launi, ya bar shi a kan tsarkinsa. Ke nan jan ruwan da ya ɗebo jar ƙasa hukuncinsa dabam ne da wanda ya ɗebo warin kwata. Mai alwalar da ya tsaya yana sansana ruwan buta bayan gyaran bututu, tambayar da yake yi ita ce wadda jami'in lafiya yake yi.

Daga Tiga Zuwa Tamburawa

Aikin 1931 an yi shi ne don ƙaramin gari. Ƙidayar 1952 ta ba Kano mutum kimanin 130,000, ta 1963 ta ba ta kusan 300,000, yau kuwa ana maganar miliyoyi. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, gwamnatin Audu Baƙo ta mai da hankali ga madatsun ruwa. Aka yi ta Bagauda, sannan aka gina ta Tiga a kan kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, daidai lokacin da fari ya addabi ƙasashen Sahel. Hukumar WRECA ta gaji wannan aiki ta yi madatsu da dama a faɗin jihar. A 1992 aka kammala madatsar Challawa a ƙasar Ƙaraye. An faɗaɗa gidan ruwa na Challawa fiye da sau ɗaya, aka kafa wani a Tamburawa, sannan a zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau aka gina sabuwar matatar Tamburawa wadda aka tsara ta tace lita miliyan 150 a rana.

Waɗannan manyan ayyuka ne, kuma sun magance matsalar tushe, domin kogunan da dā sukan koma yashi da rani sun sami ruwa duk shekara. Sai dai hankalin hukuma da na jama'a ya fi karkata ga abin da ake buɗewa da biki. Madatsa da matata ana ganinsu, ana yanka ƙyalle a gabansu. Bututun da ke ƙarƙashin ƙasa, da bawul, da wankin tanki, da man inji, ba su da ranar buɗewa. Fashewar madatsar Bagauda a watan Agusta na 1988, bayan ruwan sama mai yawa, ta tuna wa kowa cewa abin da aka gina don riƙe ruwa yana bukatar kulawa muddin yana tsaye.

Kowane Gida da Hasumiyarsa

Da ruwan hukuma ya zama ba abin dogaro ba, sai mutane suka nemi mafita ɗaiɗai. Mai hali ya haƙa burtsatse, ya sayi janareto ko farantan hasken rana, ya kafa ƙarafa ya ɗora tankin roba. Wanda ya hau Dala ya duba birni zai ga tankuna bisa rufin gidaje da masallatai da makarantu, ba su ƙidayuwa. Ilmin da ke cikin kowannensu shi ne dai na Goron Dutse, a ɗaga ruwa sama a bar nauyinsa ya yi sauran aikin. Abin da ya sauya shi ne mallaka. Tudun da dā na kowa ne, yanzu kowa yana sayen nasa.

Wannan mafita tana da iyaka ta fuska biyu. Ta farko, birnin Kano yana zaune ne a kan tsohon dutse, ruwan ƙarƙashinsa yana cikin ruɓaɓɓen saman dutsen ne da tsagoginsa, ba shi da yalwar da ake samu a ƙasashe masu yashi na wajen Haɗeja da Barno. In burtsatse ta yi yawa a wuri guda, sai su riƙa janye wa juna, rijiyoyin gargajiya su riga su ƙafewa. Ta biyu, a lungun da mota ba ta shiga, injin haƙa ma ba ya shiga, kuma gidan da mutum 20 ke zaune a ɗakuna kaɗan ba shi da filin kafa tanki. Irin wannan gida shi ke komawa ga ɗan ga-ruwa, wanda ya ajiye garwa da sanda ya ɗauki kura da jarkoki. Sakamakon shi ne talaka yana sayen kowace lita da tsadar da ta fi ta mai famfo a gida, kuma ɗawainiyar jiran layi tana kan yara, waɗanda lokacin makarantarsu ne ke tafiya.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa famfon Yakasai yana da ruwa mai tsabta ne a lokacin da abubuwa uku suka haɗu: inji yana aiki a bakin kogi, tanki yana cike a bisa dutse, bututu kuma bai taɓa wofinta ba. In ɗaya ya faɗi, sauran biyun sukan bi shi. Don haka gyaran da zai ɗore ba zai tsaya ga ɗaure inda ya fashe ba. Yana bukatar tsayayyar wuta ta musamman ga gidajen ruwa, da mayar da tankunan tudu bakin aikinsu tare da ƙara wasu a sababbin unguwanni, da sabunta taswirar bututu da tono bawul ɗin da aka binne, da fitar da ƙananan bututu daga cikin kwata. Yana kuma bukatar jama'a su biya kuɗin ruwa, su kai rahoton yoyo tun yana ɗigo, kamar yadda masu unguwanni suka saba kai rahoton abin da ya shafi lafiyar gari.

Musulmi har yau suna ambaton Zubaida, matar Halifa Haruna Rashid, saboda ruwan da ta jawo wa mahajjata zuwa Makka fiye da shekara 1,000 da suka wuce, kuma wannan magudana ta daɗe tana aiki ne domin sarakunan da suka biyo baya sun yi ta gyara ta. Mutanen Kano na 1931 sun biya kuɗin tankin Goron Dutse a shekarun da kuɗi ke wuya. Abin da ya rage wa na bayansu shi ne su riƙa cika shi.